Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Ake Gina Harafin Sinanci da Yadda Ake Rubuta Shi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu son koyon Sinanci suka fi yi game da rubutunsa, musamman ɗalibai masu shirin tafiya karatu da 'yan kasuwa masu zirga-zirga zuwa biranen Guangzhou da Yiwu a ƙasar Sin. Yawancin tsoron da ake yi wa wannan rubutu ya taso ne daga zaton cewa kowane harafi zane ne mai zaman kansa da sai an haddace shi ɗungurungum. Alhali gina haruffan ake yi daga 'yan ɓangarori masu yawan maimaituwa, kuma wanda ya gane ginin ya sauke wa kansa babban nauyi.

Sinanci yana da abajadi kamar boko da ajami?

Ba shi da shi. A boko harafi sauti kawai yake ɗauke da shi, "k" ba ta nufin komai sai an haɗa ta da 'yan'uwanta. Harafin Sinanci kuwa, wanda masu shi ke kira hànzì (汉字), gaɓa guda cur yake wakilta tare da ma'anarta. 人 ana karanta shi rén, mutum ke nan. 山 shān, dutse. 水 shuǐ, ruwa.

Sai dai kada a ɗauka kowane harafi kalma ce cikakkiya. Yawancin kalmomin Sinancin yau haruffa biyu ne a haɗe. Jirgin ƙasa 火车 ne, wuta da abin hawa. Kwamfuta 电脑, lantarki da ƙwaƙwalwa. Wayar salula 手机, hannu da na'ura. Ba a kuma barin fili tsakanin kalma da kalma, mai karatu ne ke gane inda wata ta ƙare wata ta fara.

Rubutun boko da ake gani a littattafan koyo sunansa pinyin. An amince da shi a hukumance a 1958, kuma Zhou Youguang, wanda ya rasu a 2017 yana da shekara 111, shi ne jigon masu tsara shi. Da shi yara ke koyon furuci, da shi ake buga rubutu a waya, amma ba a rubuta jarida ko takardar yarjejeniya da shi.

An ce haruffan hotuna ne. Gaskiya ne?

Kaɗan daga cikinsu, kuma su ne mafi tsufa. Rubutun Sinanci mafi daɗewa da aka tabbatar an haƙo shi ne a kusa da Anyang da ke lardin Henan, inda daular Shang ta yi babban birninta na ƙarshe. Tun wajen shekara ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bokayen fada suna sassaƙa tambayoyin sarki a jikin ƙashin kafaɗar sa da ƙoƙon kunkuru, su ɗosana musu wuta har su tsage, sannan su duba tsagar su ba da amsa. Ruwa zai sauka? A fita yaƙi ko a dakata? Sai a 1899 wani masani mai suna Wang Yirong ya gane cewa tsofaffin ƙasusuwan da ake niƙawa ana sayarwa a matsayin magani, rubutu ne a jikinsu.

A kan waɗannan ƙasusuwa, rana da'ira ce da alama a tsakiya, dutse ƙololuwa uku ne, doki kuma yana nan da gezarsa da wutsiyarsa. Zamani ne ya canza musu kama. Bayan sarkin Qin ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin Miladiyya, wazirinsa Li Si ya daidaita siffofin. Sannan magatakardan da ke rubutu da sauri suka riƙa miƙar da lanƙwasa, har da'irar rana ta koma 日 mai kusurwa huɗu. Yau in ka nuna wa mutum 马 ba zai ga doki ba sai an gaya masa.

Irin waɗannan hotuna zalla 'yan ɗaruruwa ne kawai. Akwai kuma masu nuni: 上 sama, 下 ƙasa, 本 wanda itace ne (木) da aka sa wa alama a gindi don a ce tushe. Akwai waɗanda aka haɗa ma'ana biyu suka haifi ta uku: mutum jingine da itace, 休, hutu, itace biyu, 林, kurmi, uku, 森, daji mai duhu, gona da ƙarfi, 男, namiji. Akwai kuma aro. Tsohon harafin dubu goma, 萬, asalinsa hoton kunama ne, an are shi saboda furucin kalmomin biyu ya zo kusa. 來, zuwa, hoton alkama ne tun farko. Wannan dabarar aron sauti ita ce ta buɗe ƙofar da mafi yawan haruffa suka shigo.

To in ba hotuna ba ne, yaya mafi yawansu suke?

Nan ne zuciyar maganar. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na haruffan Sinanci ɓangare biyu ne: ɗaya yana nuna fannin da ma'anar take, ɗaya yana nuna yadda ake furtawa. Kamar unguwar da Musa ya yi yawa ne, sai a ce Musa mahauci, Musa tela, Musa direba. Sunan ɗaya, sana'ar ce ke bambancewa.

Ɗauki 青, qīng, wani launi tsakanin kore da shuɗi. Sa masa ruwa a hagu, ka sami 清, qīng, garau. Sa masa rana, 晴, qíng, gari ya washe. Sa masa zuciya, 情, qíng, abin da mutum ke ji a ransa. Sa masa magana, 请, qǐng, roƙo ko gayyata. Sa masa ido, 睛, jīng, ƙwayar ido. Launi ba shi da aiki a ko ɗaya daga cikin biyar ɗin, muryarsa kawai aka ara. Haka doki, mǎ: da mace a gefensa 妈, mā, uwa, da baki ɗaya a gefe 吗, alamar tambaya, da baki biyu a kansa 骂, mà, zagi, da dutse 码, mǎ, lamba. Ba wanda ya taɓa nufin cewa uwa tana da alaƙa da doki.

A ganina wannan shi ne darasin da ya kamata a fara koyarwa tun makon farko. Ɗalibin da aka bari yana haddace 请 a matsayin layi goma marasa dangantaka an cuce shi, domin abu biyu ne kawai, kuma zai sake haɗuwa da kowannensu a haruffa masu yawa.

Ke nan zan iya karanta harafin da ban taɓa gani ba?

Za ka iya yin hasashe, wani lokaci ka dace, wani lokaci ka sha ƙasa. An gina yawancin haruffan nan fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, furuci kuma ya yi ta sauyawa alhali rubutun yana tsaye. 江, kogi, ana karanta shi jiāng, amma ɓangaren sautinsa 工 yau gōng ne. 河, shi ma kogi, hé ne, ɓangaren sautinsa 可 kuwa kě. 猜 yana ɗauke da 青 ɗin nan, amma cāi ake cewa. Karin sautin kuwa kusan ba ya bin doka. Sinawa suna da wata magana: in da gefe karanta gefe, in babu karanta tsakiya. Dabara ce ta wanda ya maƙale, su ma sun san tana ba da kunya. Amfaninta na gaskiya yana wajen tunawa: bayan ka duba ƙamus ka san furucin, ɓangaren sautin ne zai riƙe maka shi.

Mene ne abin da ake kira bùshǒu?

Shi ne jigon harafi, ɓangaren da ƙamus ke jera haruffa a ƙarƙashinsa, kuma galibi shi ne mai nuna fannin ma'ana. Tun da babu abajadi, dole a sami wata hanyar jerawa. Wajen shekara ta 100 Miladiyya, Xu Shen ya tattara haruffa 9,353 a ƙamusunsa Shuowen Jiezi, ya kasa su ƙarƙashin jigo 540. A 1615 Mei Yingzuo ya rage su zuwa 214, ƙamusun Kangxi na 1716 ya ɗauki wannan adadi, shi ya sa har yau ake cewa jigogin Kangxi. A 2009 ƙasar Sin ta fitar da jeri mai 201 na haruffanta na yanzu. In za ka nemi harafi a ƙamusun takarda, sai ka gano jigonsa, ka ƙirga layukan da suka rage, ka je shafin.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne jigo yana canza siffa in ya shiga cikin wani harafi. Ruwa 水 yakan koma ɗigo uku, 氵. Hannu 手 ya koma 扌, mutum 人 ya koma 亻, zuciya 心 ta miƙe tsaye 忄, wuta 火 in ta koma ƙasa ta zama ɗigo huɗu 灬 kamar a 热, zafi. Kowanne yana da sunan da yara ke kiransa a aji: sān diǎn shuǐ, ruwa mai ɗigo uku; cǎo zì tóu, ciyawa a ka.

Wasu kuma sun yi kama da abin da ba su ba. 月 wata ne, amma in ka gan shi a hagun 肝 hanta, 肺 huhu, 腿 ƙafa, 脸 fuska, tsohon harafin nama ne da ya shafe har ya zama ɗaya da wata. Wanda ɗan kasuwa zai fi so shi ne 贝, wuri. Mutanen Shang sun ɗauki wuri a matsayin dukiya, kamar yadda aka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa har zuwan Turawa. Wurin ya daina aiki a can tun tuni, amma yana nan daram a 财 dukiya, 货 kaya, 贵 tsada, 费 kuɗin aiki, 赔 biyan diyya, 赚 cin riba. In kana duba takardar ciniki ka ga 贝 a jikin harafi, to ka natsu, akwai yiwuwar maganar kuɗi ake yi.

Yaya ake jera ɓangarorin?

Kowane harafi, mai layi ɗaya ne ko mai talatin, fili ɗaya yake ci: murabba'i. Shi ya sa littafin koyon rubutu na yara yake da akwatuna da aka raba huɗu, ana kiransu tiánzìgé saboda sun yi kama da 田, harafin gona.

Fiye da rabin haruffa hagu da dama ne, kamar 好 da 明. Sai sama da ƙasa, kamar 字 da 思. Sai kewaye, ko dai cikakke kamar 国 da 回, ko ta gefe uku kamar 问 da 区, ko ta gefe biyu kamar 病 da 这. Akwai kuma masu ɓangare uku, ɗaya a sama biyu a ƙasa, irin 品 da 众.

Dubi 林 da kyau. Itacen hagu ya fi na dama siriri, kuma reshensa na dama ya gajarce ya koma ɗigo don ya ba maƙwabcinsa wuri. Dubi 地: layin ƙasa na 土 ba a kwance yake ba, ya ɗaga kai sama zuwa dama, yana miƙa alƙalami ga ɓangare na gaba. Wanda bai lura da wannan ba sai ya rubuta 女 (mace) da 子 (ɗa) kowanne da cikakken girmansa, a karanta su a matsayin haruffa biyu maimakon 好.

Mazauni ma yana canza ma'ana. 亡 da zuciya a ƙasansa 忘 ne, wàng, mantuwa. 亡 ɗin nan da zuciya a gefensa 忙 ne, máng, aiki ya yi yawa.

Layukan iri nawa ne?

Layi ɗaya shi ne daga inda alƙalami ya taɓa takarda zuwa inda aka ɗaga shi, ko da ya yi kwana a hanya. Saboda haka 口, baki, layi uku ne ba huɗu ba: na hagu, sai na sama da na dama a ja ɗaya, sai na ƙasa. 弓, baka, duk lanƙwasarsa layi uku ne.

Na asali takwas ne. Héng a kwance, daga hagu zuwa dama, yana ɗan ɗagawa. Shù a tsaye, daga sama zuwa ƙasa. Piě yana gangarawa hagu yana sirancewa. Nà yana gangarawa dama yana kauri. Diǎn ɗigo ne mai ɗan jela. Tí yana tashi sama zuwa dama. Sai zhé, kwana, da gōu, ƙugiya. Sauran duk haɗe-haɗen waɗannan ne. Malaman rubutun hannu sun daɗe suna sa almajiri ya yi ta maimaita 永, dawwama, domin a cikin layukansa biyar an tara motsin hannu takwas na asali.

Wanda hannunsa ya saba da ajami ya kula: layin kwance a nan daga hagu yake tasowa, ba daga dama ba.

Dole ne a bi tsarin wane layi ke fara zuwa? In siffar ta fito daidai ba shi ke nan ba?

A bi shi. Dokokin ba su da yawa. Sama kafin ƙasa, kamar 三. Hagu kafin dama, kamar 川. Na kwance kafin na tsaye in sun gitta juna, kamar 十. Mai gangarawa hagu kafin mai gangarawa dama, kamar 人. Tsakiya kafin gefe da gefe, kamar 小. Waje kafin ciki, kamar 月. In kuwa kewayen cikakke ne, malamai kan ce wa yara a bar mutum ya shiga tukuna sannan a rufe ƙofa: a 国 za ka ja bangon hagu, ka ja sama da dama, ka rubuta 玉 a ciki, sannan ka rufe da layin ƙasa. Jigon tafiya, 辶, ko da yake yana hagu, shi ake rubutawa a ƙarshe.

Dalilin farko shi ne hannu yana da haddarsa. Wanda yake rubuta harafi ta hanya ɗaya kullum, hannunsa zai tuna ko da kansa ya manta. Mai rubutawa yau ta nan gobe ta can, kullum sabon zane yake yi. Na biyu, babu baligin da ke rubutu layi-layi kamar na littafi. Mai shago da ke rubuta maka rasit zai haɗe layuka cikin sauri, kuma haɗewar tana bin tsarin nan ne. In ka san tsarin za ka bi sawun alƙalaminsa ka gane harafin, in ba ka sani ba sai ka ga jagwalgwalo. Na uku, ƙirga layi daidai shi ke kai ka ga harafi a ƙamus.

Akwai 'yan bambance-bambance tsakanin ƙasashe. A Sin ana fara 右 da layin kwance, a Japan da mai gangarawa hagu. Ka bi na inda kake koyo.

Waɗanne haruffa ne suka fi yaudarar ido?

土 ƙasa da 士 masani, bambancinsu wane layi ya fi tsawo. Haka 未, tukuna, da 末, ƙarshe. 大 babba, 太 fiye da kima, 犬 kare, ɗigo ne da inda ya sauka. 己, 已 da 巳 kuwa, tsayin ɗan layi guda ne ya raba su uku.

Saboda irin wannan ne ba a yarda da 一, 二, 三 a takardun kuɗi, tun da da ja biyu ɗaya zai koma uku, da ja ɗaya ya koma goma (十). A cak da takardar banki ana amfani da 壹, 贰, 叁 da 'yan'uwansu, su ne kuma a jikin takardun kuɗin yuan. Ɗan kasuwa ya koyi waɗannan goman, ba za su ci masa lokaci ba.

Sauƙaƙaƙƙu da na gargajiya: wanne zan koya?

A 1956 gwamnatin Beijing ta fara sauƙaƙa haruffa don yaƙi da jahilci, a 1964 ta fitar da cikakken jeri mai haruffa sama da 2,200. 馬 mai layi 10 ya koma 马 mai 3, 龍 mai 16 ya koma 龙 mai 5, 門 ya koma 门. Da yawa ba sababbi ba ne, siffofin rubutun sauri ne da mutane suka daɗe suna yi. An gwada zagaye na biyu a 1977, jama'a ba su karɓa ba, aka soke shi a 1986.

Babban yankin Sin da Singafo suna amfani da sauƙaƙaƙƙu. Taiwan da Hong Kong da Macau suna kan na gargajiya. Mai zuwa Guangzhou ko Yiwu ko wata jami'a a Beijing, sauƙaƙaƙƙu zai koya, babu wani dogon tunani.

Amma an yi asara, kuma bai kamata a ɓoye ba. 買, saye, yana da wuri a ƙasansa, 买 ba shi da shi. An kuma haɗe wasu haruffa daban-daban a siffa ɗaya: 發, aikawa, da 髮, gashi, duka sun koma 发. Wanda ya iya ɗaya tsarin yakan saba da karanta ɗayan ba da wahala mai yawa ba, tun da ginin iri ɗaya ne.

Haruffa nawa ne duka, nawa kuma nake bukata?

Ƙamusun Kangxi yana da sama da 47,000, wani ƙamus na 1994 ya tara sama da 85,000, amma mafi yawansu matattu ne ko siffofi daban na harafi ɗaya. Jerin hukuma na 2013 yana da 8,105, kuma matakinsa na farko, 3,500, shi ake sa ran ɗalibi ya sani bayan shekara tara na karatun dole. Haruffa 2,500 da aka fi amfani da su sun ɗauke kusan kashi 98 cikin ɗari na rubutun yau da kullum. Sanin harafi dai ba sanin kalma ba ne: kana iya sanin 东 gabas da 西 yamma, ba ka san cewa 东西 "abu" ko "kaya" yake nufi ba.

Me ya hana su komawa boko su huta?

An yi wannan muhawara sosai a ƙarni na 20, har da manyan marubutansu a cikin masu son a watsar da haruffan. Abu biyu suka fi tsayawa a hanya. Na farko, Sinancin Mandarin gaɓoɓinsa ba su wuce ɗari huɗu da 'yan kai ba in ba a lissafa karin sauti, don haka kalmomi masu furuci ɗaya sun yi yawa. Bahaushe ya san aikin karin sauti, shi ke raba farin launi da farin rashin ruwa, amma a nan ko karin ba ya isa: shì da kari ɗaya tak yana iya zama 是, 事, 市, 试, 室 ko 世. Na biyu, mutumin Guangzhou mai Kantonanci da mutumin Beijing ba sa jin maganar juna, amma takarda ɗaya suke karantawa, kowa da furucinsa. Ga kuma littattafan shekaru dubbai da za su rufe wa jikoki.

Ba wai ba zai yiwu ba ne sam. Vietnam ta koma boko, Koriya tana da nata abajadi tun zamanin Sarki Sejong a ƙarni na 15, Japan kuma ta riƙe haruffan Sinanci 2,136 na yau da kullum tana haɗa su da nata baƙaƙen. Musulmin Sin ma, musamman 'yan ƙabilar Hui, sun daɗe suna rubuta Sinanci da baƙaƙen Larabci, abin da suke kira xiǎo'érjīng. Ajaminsu ke nan, kuma a makarantun masallaci ya girma.

Yaya ake buga su a waya?

Yawanci da pinyin: ka buga ma, wayar ta jero maka 吗, 妈, 马, ka zaɓa. Kana iya zana harafin da yatsa a fuskar wayar. Akwai kuma hanyoyin da ke bin ɓangarorin harafi maimakon sauti, irin Wubi da Wang Yongmin ya ƙirƙiro a 1983. Sauƙin pinyin ya jawo wata matsala da Sinawa ke kira tí bǐ wàng zì, a ɗauki alƙalami a manta harafi: mutum yana gane shi in ya gani, amma hannunsa ya kasa kawo shi. Shawarata ga mai koyo ita ce ya rubuta 'yan ɗaruruwan farko da hannu, har ɓangarorin su zauna masa. Fensir ya isa. Alƙalamin gashi da tawada fanni ne daban, na masu ƙawata rubutu.

In haruffa da yawa suna da furuci ɗaya, yaya mutum ke faɗin wanda yake nufi?

Ta hanyar wargaza shi da baki. Ka tambayi Basine sunan gidansu ya ce Zhāng, sai ya ƙara da gōng cháng Zhāng, wato Zhāng mai baka da tsawo (张), don kada a ɗauka lì zǎo Zhāng ne (章). Mai suna Lǐ zai ce mù zǐ Lǐ, itace da ɗa (李). In hakan bai isa ba sai ya buɗe tafin hannunsa na hagu, ya rubuta harafin da yatsan dama, kai kuma kana kallon motsin. Babu tawada, babu abin da ya rage a tafin, tsarin layukan ne kawai ke gaya maka ko wane harafi ne.

Yaya ake rubuta sunayen waje, kuma ana ƙirƙiro sababbin haruffa?

Sunan waje da sauti ake bin sa, a ajiye ma'ana gefe. Nijeriya 尼日利亚 ce, Nírìlìyà. Nijar 尼日尔, Kano 卡诺, Hausa 豪萨. Sabon abu kuwa galibi da tsofaffin haruffa ake raɗa masa suna, kamar yadda muka gani a kwamfuta. Inda aka fi ƙera sabon harafi shi ne sinadarai, kuma da tsohuwar dabarar nan: jigon ƙarfe 钅 da 由 don sauti suka ba da 铀, yuraniyom, jigon iska 气 da 羊 suka ba da 氧, iskar da muke shaƙa. Ko 她, "ita", bai yaɗu ba sai wajen 1920, lokacin da marubuci Liu Bannong ya tallata shi. Kafin nan 他 ne na mace da namiji.

Labaran da ake bayarwa kan ma'anar ɓangarori, a yarda da su?

In don tunawa ne, yi amfani da duk wanda ya taimake ka. In don tarihi ne, a yi hattara. Masu laccar kasuwanci suna son cewa kalmar rikici, 危机, haɗari ne da dama, wato zarafi, a haɗe. 机 a nan gaɓar da al'amari ke juyawa yake nufi, ba dama ba. Ana kuma cewa tsohon harafin gabas, 東, rana ce a bayan itace, amma siffarsa a kan ƙasusuwan Shang ta nuna buhu ne da aka ɗaure baki biyu, aka are shi don sauti. Duk lokacin da aka ba ka labari mai daɗi kan harafi mai ɓangare biyu, fara duba ko ɗayan sauti kawai yake bayarwa.

Ni ba karatu zan yi ba, sayayya zan je. Waɗanne zan fara ganewa?

入口 mashiga, 出口 mafita, 男 da 女 a ƙofar bayan gida, 元, wato yuan, a jikin farashi. Sai na abinci, waɗanda Musulmi ba zai so ya yi kuskure a kansu ba. 清真, qīngzhēn, shi ne halal, kuma harafin farko 清 ɗin nan ne mai ruwa da 青. Za ka gan shi a allon gidajen abinci, sau da yawa da koren launi, musamman shagunan taliyar Lanzhou da ke kusan kowane birni. 牛 sa, 羊 tunkiya ko akuya, 鸡 kaza, 鱼 kifi. 猪 alade ne, ka gane shi da jigon dabba 犭 a hagu, 猪油 kuma kitsensa. 酒 giya, ruwa ne a gefen tulu, yana kuma fitowa a 料酒, giyar da ake zubawa a girki. In ka ga 肉, nama, shi kaɗai a jerin abinci ba a faɗi na wace dabba ba, a gidan da ba na Musulmi ba galibi naman alade ake nufi, don haka ka nemi 牛肉 ko 羊肉 a rubuce. Masallaci kuwa 清真寺 ne. Harafin ƙarshe, 寺, shi kaɗai wurin ibada yake nufi, ana sa shi ga na mabiya Buddha ma, saboda haka in za ka nuna wa direba, ka nuna masa ukun gaba ɗaya.